Tulun Inna Laraba

Kawo, Kaduna
Afrilu, 1979

Zuwa ga taubashina Ila, makanikin soja, a Njamena ta ƙasar Chadi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da baƙin man nan da ba ya fita daga farcenka. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Mariya ta yi mura ta warke, yanzu duk mai kakin da ya wuce ta ƙofar gida sai ta miƙa hannu ta ce Baba. Surukata Inna Laraba kuwa gwiwa ce ke damunta, ga zafi ya buɗe mana ba sauƙi.

Kai nake rubuta wa don Baban Mariya bai iya karatun boko ba, kai za ka karanta masa. Kada ka ƙara gishiri, na san halinka tun muna yara a gidan kaka. Kuma kada ka zauna jiran in rubuta sunansa. Ban taɓa faɗa a gabansa ba, takarda ma ba za ta ji daga bakina ba. Ka tambaye shi ko tsohon ciwon ƙafarsa ta hagu, na lokacin yaƙin basasa, yana tashi. Ka tambaye shi kuma ko 'yar sharar da na ɗinka masa, mai koren zare a wuya, ta yi masa daidai. In ya ce ta matse shi, to ƙiba ya yi, ba laifin kekena ba ne.

Daga nan zuwa ƙasa naka ne kai kaɗai, kada ka karanta masa.

Tun da kuka tafi Inna ba ta cin abincin kirki. Ta ce yaƙin basasa na gida ne, ta haƙura, amma mutane suna faɗa kan kujerar ƙasarsu, me ya kai ɗanta tsakiyarsu? Ashe ranar da ya fita, ina ɗaki ina kuka, ita tana bakin zaure tana kwashe ƙasar sawunsa a tsumma. Makon jiya ta hau mota ta je Rigacikun wurin wani tsoho, ta dawo da sabon tulu wanda bai taɓa ganin ruwa ba. Kiranye za ta yi masa, Ila. Ta zuba ƙasar a ciki. Kullum da sassafe, kafin ta yi wa kowa magana, sai ta kafa baki a tulun ta kira shi, ta yi maza ta rufe da faifai don kiran ya zauna a ciki. Tsohon ya ce muddin tulun na nan kiran na cikin kunnensa, kuma kada a kuskura a fasa shi sai ya tsallako zaure da ƙafarsa. In aka fasa yana hanya, nan zai tsaya, ya mance inda ya nufa.

Da farko dariya abin ya ba ni. Amma ka san shi ne ɗanta na fari. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai “yaron nan” ko “wancan”. Ranar da ta fara ina sharar tsakar gida, sai na ji sunan ya fito daga ɗakinta da wata murya mai kauri, kamar mutum na magana daga cikin rijiya. Wallahi tsintsiyar sai da ta faɗi daga hannuna.

Ka rubuto da wuri. Ka ba Ado, direban nan na tashar Kawo mai zuwa Maiduguri, ko ka sa masu kai muku abinci su ba shi.

Taubashiyarka da ta fi ka hankali,
Delu

*

Njamena
Mayu, 1979

Zuwa ga Delu uwar surutu.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na ji daɗin lafiyar Mariya, Allah ya raya ta, kada ta ɗauko bakin uwarta. Ni lafiyata ƙalau in ban da ƙudaje da tuwon bariki. Ɗanjuma, Ɗanjuma, Ɗanjuma, ga shi na faɗa miki, sai ki yi ta sunkuyar da kai. Ya ce 'yar shara ta yi, ba ya ma cire ta a ƙarƙashin kaki.

Aikinmu a nan ban san sunan da zan ba shi ba. Ɓangarori suna harbin juna, mu an ce mu tsaya a tsakiya kada mu harbi kowa. Da safe wannan ya gaishe ka, da yamma yaransa su ce ka koma ƙasarku. Ni dai ina ƙarƙashin mota, shi kuma Ɗanjuma tankar ruwa yake ja, yana ɗebo mana daga kogin Shari.

Yanzu ki ajiye wasa, Delu, ki saurare ni. Rabin takardarki na ƙasa ban karanta masa ba, na rantse ban karanta ba. Amma kafin ma ta iso ya riga ya canza. Wata safiya muna kan layi ana dubanmu, sai kawai ya juya kai yamma ya ce, “Na'am.” Saje ya daka masa tsawa, aka yi dariya. Washegari ya sake. Na ja shi bayan gareji na ce wa kake amsa wa? Ya ce Inna ce. Na ce haba, Inna da ba ta faɗin sunanka? Ya ce shi ma abin da ya ɗaure masa kai ke nan, kuma muryar kamar daga cikin rijiya take fitowa. Da takardarki ta zo kuwa, sai ga wannan kalmar a ciki.

Yanzu ba ya zama wuri ɗaya. Abinci sai na tsaya a kansa. In ya je ɗebo ruwa, tanka ta cika har tana zuba, shi yana tsaye a bakin kogi yana kallon tsallake, wajen Kusseri, inda hanyar gida ta bi. Jiya na bi shi, na dafa kafaɗarsa, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, sannan ya ce, “Ila, kai ba ka ji?”

Don girman Allah ki lallashi Inna ta fasa tulun nan yanzu, tun yana gaban idona. In ya mance hanya a nan ba komai, ina riƙe da shi, tare za mu dawo in an sallame mu. Ita tana ganin daga zaure zuwa ɗaki take kiransa. Tsakaninsa da ita akwai kogi, akwai daji, akwai yara masu bindiga waɗanda ba sa tambayar sunan mutum. Ki gaishe ta da ladabi, ki ce ɗanta Ila ne ke roƙo.

Naki,
Ila

*

Kawo
Yuni, 1979

Ila sarkin rowa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, don in lafiya kake to ba ka da uzuri. Tun Afrilu nake aikawa tasha ko Ado ya zo da amsa, kullum babu. Ko biro ɗin ma rowarsa kake? Mu dai muna lafiya, damina ta sauka, rufin ɗakin Inna na ɗan yoyo.

Amma yau na yafe maka, don bakina har kunne. Shekaranjiya muna tsinke zogale rediyo ya ce za a dawo da sojojinmu daga Chadi. Na saki kwano na yi guɗa, maƙwabta suka shigo a guje suna zaton haihuwa aka yi. Inna kuwa ko gezau. Ta gyara zama ta ce, “Ni ɗaya na kira, Allah ya haɗo mini da sauran.” Yanzu matan unguwa sai shigowa suke suna leƙen tulu daga bakin ƙofa, har wata ta tambaya ko yana kiran mijin da ya tafi Ikko ya maƙale.

Ado ya ce in daina yarda da zancen tsofaffi, wai siyasa ce zalla, zaɓe ya matso shi ya sa. Na ce masa ko siyasa ce ko tulu, ni dai a dawo mini da uban 'yata. Siyasar ma ai ta amfane ni, don atamfar jam'iyyu ta cika mini ɗaki, kekena ba ya hutawa. Na ɗinka wa waɗannan da safe, na ɗinka wa abokan gabarsu da yamma.

Na shafe ɗaki da farar ƙasa, na ɗaure zabi biyu a bayan madafa. Ka ce wa Baban Mariya kada ya tsaya ko'ina. Inna ta ce ba za ta daina kira ba sai ta ga ƙafarsa a cikin zaure, kuma yanzu ni ma na saba da jin muryar, har in ta makara sai in ji ba daɗi. Kai ma in ka zo akwai wuyan zabo, shi ya dace da kai.

Delu

*

Maiduguri
Ƙarshen Yuni, 1979

Ƙanwata Delu,

Assalamu alaikum. Na sauka Maiduguri lafiya tare da sauran. Takardarki ta Yuni ta same ni a nan, kuma da na karanta na gane tawa ta Mayu ba ta iso ki ba. Na bincika, ashe tana cikin jakar mai kai abinci, motarsa ta lalace a Dikwa aka bar ta can. Na karɓo, ga su nan biyu na ba Ado. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Ɗanjuma ba ya cikinmu.

Ana gab da kwashe mu, wata safiya ya fita da tanka bai dawo ba. Na bi sawu na tarar da motar a bakin kogi, inji na aiki, ƙofa a buɗe, bindigarsa a kan kujera. Takalmansa ya jera su a kan yashi kamar zai shiga masallaci. Sawunsa ya gangara har cikin ruwa, na hagun yana jan ƙasa yadda kika sani. Na yi ta ƙwala masa kira har muryata ta dushe.

Na ruga wurin Oganmu na roƙi izinin tsallakawa Kusseri da mutum biyu. Ya ce gobe. Goben na zuwa aka ce kowa ya naɗe kayansa, komawa gida yanzu-yanzu. Na sake zuwa, na ƙame, na ce ranka ya daɗe, mutum ɗaya bai dawo ba. Bai ko ɗago kai ba. Ya ce ya riga ya gaya wa na sama cewa mun cika, kuma wanda ya tuɓe takalmi ya ajiye bindiga shi ya sallami kansa. Delu, na yi kuka a gaban ƙato ɗan'uwana, ban ji kunya ba.

Rediyo zai ba ku dalili mai daɗin ji. Ni ga abin da ake faɗa a nan in manya ba sa kusa. Wasu sun ce waɗanda suka hau kujera a Njamena sun ƙi bin sulhun da aka shirya musu, manyanmu suka yi fushi, aka kwashe mu don a nuna musu fushin. Wasu kuma maganarsu irin ta Ado ce: masu kaki za su miƙa mulki, ga zaɓe a ƙofa, ba wanda ke son ana jefa ƙuri'a ana sauke gawa a filin jirgi. So ake a ce an je lafiya an dawo lafiya, kowa da kowa. Ban san wanne ne gaskiya ba, ƙila duka. Abin da na sani, da an ba ni yini ɗaya tak da na tsallaka, amma yini ɗayan zai ɓata musu labari, sai suka hana.

Yanzu an tsare mu a nan gadin zaɓe, ba hutu ga kowa sai an gama. Da an sake ni zan koma bakin kogin da ƙafata. Ki yi haƙuri, ki riƙe Mariya da kyau.

Ɗan'uwanki,
Ila

*

Kawo
Yuli, 1979

Yaya Ila,

Wa alaikumus salam. Lafiyar jiki dai muna da ita. Zabin na sake su, ban iya kallonsu.

Takardunka biyu rana ɗaya suka zo. Ta Yunin na fara buɗewa, sannan ta Mayu, inda kake roƙon a fasa tulu tun yana gaban idonka. Wayyo Ila, lokacin da kake wannan roƙo ni ina nan ina shafa farar ƙasa.

Na goya Mariya na je bariki. Na wuni a kan benci, daga ƙarshe wani ya leƙo ta taga ya ce duk wanda ya tafi ya dawo, in je in tambayi danginsa ko yana da wani gidan. A hanyar dawowa motar 'yan siyasa ta wuce ni da lasifika, ana godiya ga Allah 'ya'yanmu sun dawo ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Mutane na ta tafa musu. Na tsaya a gefen kwalbati na rasa ko ihu zan yi.

Na karanta wa Inna duka biyun, ban ɓoye komai ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, “To ai yana hanya.” Washegari da sassafe ta kafa baki a tulu kamar kullum.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ado ya zo kwanakin baya ya tsuguna a zaure, ya ƙi shan ruwa. Ya ce a wannan zuwan, ya wuce Damaturu da rana tsaka, ya ga mutum a gefen titi da wandon soja, ba takalmi, ba riga sai tsumman buhu a kafaɗa, yana tafe yamma yana jan ƙafar hagu. Ya taka birki ya ce malam shigo. Mutumin bai juyo ba, ya ce, “Ana kirana,” ya wuce. Gashi ya rufe masa fuska, ga rama, Ado ya ce ba zai iya rantsuwa ba. Wata fasinja ta fasa ihu wai ba shi da inuwa, mota ta rikice, dole ya ja. Na ce Ado, da rana tsaka wa ke da inuwa? 

Da ya ba da labari a tasha, ashe ba shi kaɗai ba ne. Wani ya gan shi tun a Dikwa, wani kwanan nan a Fataskum. Na roƙe su duk wanda ya sake ganinsa ya kama shi ko da ƙarfi. Wasu biyu sun gwada kusa da Azare. Sun ce da suka matso ya ɗago ya dube su, sai suka kasa taɓa shi, suka koma mota.

Kuma tulun, Ila. Ba a taɓa zuba masa ruwa ba, amma gindinsa ya fara jiƙewa, ɗakin na warin laka irin ta bakin kogi. Ina ce wa kaina yoyon rufi ne. Na matsar da shi daga inda ke yoyon, bai bushe ba.

Ka gaya mini gaskiya, kai da ka ga sawun ya shiga ruwa. Ka ga inda ya fita?

Delu

*

Maiduguri
Agusta, 1979, cikin azumi

Delu,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Ina lafiya. Ba zan ja ki da nisa ba.

An gama zaɓe an ba ni hutu. Na tuɓe kaki na bi ta Gamboru na shiga Kusseri, na yi ta bin gaɓar kogi ina tambayar masunta. A wani ƙaramin zango ƙasa da gari na samu waɗanda suka ce farkon damina komarsu ta jawo mutum. Ya kwana biyu a ruwa, fuska ba ta ganuwa. Musulmi ne su, suka yi masa sutura a gaggauce suka binne shi a kan tudu, sun nuna mini wurin. Na tambayi ƙafar hagu, suka ce ba su tsaya dubawa ba. Amma babbansu ya adana rigar da ke jikinsa ko dangi za su zo. Ya shiga bukka ya fito da ita. Ga ta nan cikin ƙunshin da Ado zai ba ki. Ke kika ɗinka, ke za ki faɗa, amma ni na ga koren zaren.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Ɗanjuma, ya ba ki haƙuri.

Kada ki jira bariki su gaya miki. A wurinsu ba wanda ya mutu, don haka ba wanda za a yi wa ta'aziyya.

Saura maganar abin da direbobi ke gani. Na kai ta wurin wani malami a nan wanda na yarda da shi. Ya ce wanda aka kira bai san ya mutu ba muddin ana kiransa, kuma kabari ba ya riƙe shi. Ni makanike ne, ban san waɗannan abubuwa ba, amma na tsaya a kan kabarin nan da ƙafata, kuma na ji yana amsa “na'am” da kunnena. Duk abin da ke tafe a kan titin nan, Kawo ya nufa, zauren da Mariya ke wasa. Inna ba za ta fasa tulun ba, uwa ce. Ke za ki fasa. Ki fasa shi ya samu ya kwanta, a yi masa salla, ki shiga takaba. In akwai alhaki a ciki, a wuyana.

Ila

*

Kawo
Satumba, 1979

Ila,

Wa alaikumus salam. Mariya lafiya. Inna na da rai. Ni ban san abin da zan ce maka game da kaina ba.

Rigar tawa ce. Na gane inda zare ya tsinke mini a wuya na ƙulla. Na rungume ta na yi kukan da ban yi ba tun Yuli. Duk da haka na kasa taɓa tulun har aka yi Salla, labari kuwa sai matsowa yake. An gan shi a Wudil, an gan shi bayan Kano, an gan shi a Zariya yana ratsa kasuwa mutane na darewa. Ran Alhamis da hantsi Ado ya aiko cewa an gan shi ya wuce Jaji. Na leƙa zaure na ga Mariya zaune ita kaɗai, ta bar 'yar tsanarta, ta zuba wa ƙofa ido. Nan na yanke shawarar fasa tulun.

Da rana ta take Inna ta ɗan kishingiɗa. Na shiga a hankali na ɗauko tulun, ya yi nauyi, na kai tsakar gida na sa masa taɓarya. Ba abin da ya fito sai jiƙaƙƙiyar ƙasa. Inna ta fito ta tsaya a kan fasasshen tulun. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce, “Kin tsayar da shi.” Daga wannan kalma muryarta ta ɗauke, har yau sai dai ta nuna da hannu.

Liman ya tara mutane da la'asar aka yi masa salla, na ɗaura takaba. Washegari Ado ya zo ko sallama bai gama ba ya ce in fito mu je Katabu. Na ce ina takaba. Ya ce ki fito, Delu.

Akwai wata mai fura a bakin titin Katabu, a gindin mangwaro, sunanta Indo. Ga abin da ta gaya mini, ban ƙara ba ban rage ba. Ran Alhamis da rana ta take wani mutum ya zo ya faɗi zaune a tabarmarta. Ya ce, “Baiwar Allah, Kawo da nisa?” Ta ce ga ta nan gaba, kafin magariba ka isa. Ya yi murmushi, ya ce yana da yarinya a can, sunanta Mariya, bai sani ba ko za ta gane shi. Tausayi ya kama ta ta dama masa fura. Ya sha, Ila. Na sa ta maimaita. Ya sha ludayi bayan ludayi, maƙogwaronsa na motsi, ƙafafunsa sun tsattsage suna zubar da jini a tabarma, ta nuna mini tabon. Yana cikin sha sai ya tsaya cak, ya karkata kai kamar mai sauraro. Ya daɗe a haka. Sannan ya ajiye ludayin ya ce, “An daina.” Ya dube ta ya ce ina ne nan. Ta ce Katabu, ba Kawo za ka ba? Ya ce, “Wa nake da shi a Kawo?” Ya miƙe ya tsallaka titi ya shiga gonakin dawa, ba ta sake ganinsa ba.

Mun bi gonakin da mutanen gari har duhu ya fara, mun koma washegari. Dawa ta fi mutum tsawo, ruwa kuma ya sauka ya wanke sawu.

Riga ka kawo mini, Ila. Riga ana tuɓe ta, ana bayarwa, ana ƙwacewa. Ban san bawan Allahn da masunta suka binne ba, Allah ya jiƙansa. Ba zan ɗora maka alhaki ba ko da ka ce a wuyanka, hannuna ne ya ɗaga taɓarya. Amma in ka haɗu da Ogan naku da ya ce kun cika, ka gaya masa saura ɗaya, ya tako da ƙafa tun daga kogin Shari har Katabu yana nema ya cika masa lissafi. Nan ana ta shirin bikin miƙa mulki, an kawo mini ɗinki na mayar.

Na kwance takaba. A gindin mangwaron, inda ruwa bai taɓa ba, na samu sawu ɗaya mai jan ƙasa, na kwashe shi a bakin zanena. Na je Babbar Kasuwa na sayo sabon tulu. Tsohon Rigacikun ya ce ƙila ya kama ƙila kada ya kama, kuma sai muryar da zai iya amsa wa. Inna ba ta da murya. Jiya ta kama hannuna ta ɗora a bakin tulun ta dube ni, na gane.

Ka nemi hutu ka zo, ka tsaya mini a bakin titi ko zai ɓullo. Ni gobe da sassafe zan fara. Ban taɓa faɗa ba, ina tsoron kada harshena ya sarƙe a bakin tulu, shi ya sa zan fara gwadawa a nan inda kai kaɗai za ka gani.

Ɗanjuma. Ɗanjuma, ka taho gida.

Delu